Alhaji, Ajiye Kwalin Nan Tukuna

Ba'adare ba ya sayen buhun albasa sai ya zura hannu har gindin buhun, ko da dillali ya rantse masa cewa yau da asuba ta baro Galmi. Na san wannan hali naku, kuma ba na kushe shi. Shi ya sa da na ce ko a Takanamat ana iya samar wa wanda ba ya magana hanyar faɗin abin da ke ransa, ban sa ran tafi ba. Kun taɓe baki, kun gyara rawani, har wani ya ce a ƙara wa mai rubutun nan shayi, da alama rana ta buge shi a hanyar Tawa. To, ku matso. Ba wanda zai tashi daga tabarmar nan bai sha ba'a ba.

Da kai zan fara, Alhaji, don kai ka yarda da maganar fiye da kima, kuma irin yardarka ta fi gardamar sauran ɓarna. Kana shagonka a Abijan ka ga hoton wani Bature a salula, a karkace cikin keken guragu, na'ura tana yi masa magana. Nan take ka tuna da jikanka, ka shiga kasuwa, ka sayo ƙatuwar salula mai faɗin faranti, ka taho da ita cikin kwali har gida. Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi. Yanzu ina take? Tana hannun yayyen yaron, suna kallon kokowa da fina-finan Kano, ranar da aka samu caji ke nan. Shi kuwa wanda aka sayo wa, sau ɗaya aka ɗora masa ita a cinya, hannunsa ya kaɗe ta, aka ce zai fasa, aka ɗauke.

Baturen da ka gani Stephen Hawking ne, masanin taurari na Ingila. A 1985 ciwon huhu ya kama shi, aka huda masa maƙogwaro don ya samu numfashi, muryarsa ta tafi gaba ɗaya. Ka san da me ya fara? Da kati mai haruffa. Wani yana nuna harafi ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya ɗaga gira in an zo kan wanda yake so. Daga baya aka ga yatsunsa na iya danna maɓalli, aka haɗa shi da kwamfuta. Da hannun ya mutu, sai aka koma ga ɗan naman kuncinsa da ke motsi, da shi ya yi ta magana har ya rasu a 2018. Kowane mataki sai da aka zauna aka duba abin da ya rage masa a jiki, sannan aka nemo kayan da ya dace. Kai kuwa da ba a taɓa cutarka a buhun albasa ba, ka sayo kaya ba ka duba mai kayan ba.

Dubawar nan ita ce aikin. Masu wannan sana'a, kafin su ambaci na'ura, tambayoyi suke bi. Yana ji? Yana gani, kuma ta wane gefe? Yana gane abin da ake faɗa masa, ko sautin murya da fuska kawai yake bi? Wace gaɓa ce a jikinsa yake iya motsawa lokacin da ya ga dama, ba lokacin da ita ta ga dama ba? Da wa yake wuni, kuma me yake ta ƙoƙarin faɗa ana kasa ganewa? Ku kuwa duk kun tara su a kwando ɗaya. Wanda sanƙarau ya toshe wa kunne, da wanda ya sha wuya a doguwar naƙuda jikinsa ya sandare, da wanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, da yaron da ke ji sarai amma ba ya kallon idon mutane, da tsohon da hawan jini ya kayar, kowa an ce ba ya magana, an rufe zance. Alhali buƙatunsu ba su ko yi kama ba.

Ɗauki na farkon. A 2015 kaɗai sanƙarau ya kama fiye da mutum 8,000 a Nijar, kuma kurumta na cikin abin da yake bari ga waɗanda suka tashi. Yaron da wannan ya samu, hannunsa lafiya, idonsa lafiya, kansa garau. A auna kunnensa, a haɗa shi da masu maganar hannu, shi ke nan ya samu harshe cikakke, wanda ake ciniki da shi, a yi faɗa, a yi tsegumi. A Kano har Sarkin Bebaye ake naɗawa, makarantar Tudun Maliki tana koyar da kurame tun 1977, kuma wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta fitar da littafi sukutum a shekarar 2000 kan maganar hannun Hausawa. Ka miƙa wa irin wannan yaro allon hotuna takwas, ka rage masa hanya ne. Amma yaron da yatsunsa ba sa buɗewa, ka ce ya koyi maganar hannu, zalunci ne.

Na ji ki, Inna. Tun ɗazu kike jijjiga kai. "Ni na haihe shi, ni na goye shi. Ko tari ya yi na san mi yake so. Wace takarda za ta gwada mini ɗana?" Gaskiyarki, kuma duk ma'aikacin da ya san aikinsa, ke zai fara yi wa tambaya, ya zauna a ƙasa ya saurare ki. Ke kika san cewa in ya lumshe ido ya kau da kai, kunun ya yi zafi ne, ba ƙoshi ya yi ba. Amma Inna, ran da kika tafi biki Afala kika kwana biyu, wa ya gane shi? Kin dawo kin tarar ya rame, kishiyarki tana rantsuwa ta ba shi abinci ya ƙi. Sannan, ki yi mini afuwa, wani lokacin kina amsawa tun bai gama tambaya ba. Ya buɗe baki, kin ce ruwa yake so, kin ɗura masa. Wataƙila ruwan ne. Wataƙila kuma cewa zai yi ɗan maƙwabta na tsunkulinsa in ba kya nan. Yunwa da ƙishi da fitsari kin iya karanta su a fuska. Sunan wanda ya zalunce shi ba ya fitowa a fuska.

Bari in nuna miki yadda ake gwajin, ki ga ba tsafi a ciki. Da safe ake yi, bayan ya karya, ba lokacin da barci ke idonsa ba. A fara gyara masa zama, domin yaron da ke kokawa da kansa kada ya faɗi ba shi da sauran ƙarfin nuna komai. A jingina shi da bango ko da ƙirjinki, a tallafe ƙugunsa da zane naɗaɗɗe, ƙafafunsa su taɓa ƙasa. A kori taron yara masu leƙe. Mai gwaji ya zauna daidai fuskarsa, ludayin fura a hannun dama, wani abin da bai damu da shi ba, kamar takalmi, a hannun hagu, ya ware su sosai. Ya ce, "Wanne kake so?" Sai ya yi shiru. Nan ne Ba'adare ke faɗuwa jarrabawa, don shirun nan yakan kai a ƙirga goma a hankali, ko ashirin, ku kuwa kafin a kai uku wani ya ce, "Hura yake so mana!" A jira. Ido zai tafi, ko kafaɗa ta motsa, ko ƙafa ta miƙe. In ya kalli fura, a ba shi kurɓi ɗaya nan take, ya san kallonsa ya yi aiki. Sannan a musanya hannu, fura ta koma hagu. In idon ya bi ta, an samu wani abu. In kullum dama yake kallo ko me ke can, to wataƙila ba zaɓe yake yi ba, wuyansa ne ke karkata can, ko idon hagun ne ba ya gani. A sake gobe, a sake jibi, wani mutum daban ma ya gwada.

In wannan ya zauna, sai a matsa. A ajiye ludayin, a ɗauko hotonsa da aka ɗauka da salula. Yana gane cewa hoton nan shi ne ludayin? Wani yaro yana ganewa nan da nan, wani sai an daɗe, wani kuwa sai dai a bar shi da kayan zahiri, a ɗaure masa ƙaramin kofi da guntun sabulu da igiyar akuya a jikin kwali yana taɓawa. Daga hoto biyu a koma huɗu, daga huɗu a koma takwas. A nemi "i" da "a'a" nasa, a gwada su da tambayar da kowa ya san amsarta: a nuna ke a ce, "Wannan Baba ne?" In ya yi alamar a'a, ko ya fashe da dariya don an yi wauta, to yaron nan yana jin ku tun da daɗewa, har da abin da kuke faɗa a kansa kuna zaton bango ne.

Kada ki ce na ƙirƙira. A Afirka ta Kudu akwai Martin Pistorius, wanda ciwo ya kwantar yana ɗan shekara 12, a 1988. Jiki ya mutu, murya ta ɗauke, likitoci suka ce ba kowa a ciki. Bayan ƴan shekaru hankalinsa ya dawo, yana ji yana gani, ba wanda ya sani. Wata mai kula da shi, Virna van der Walt, ita ta lura idonsa na bin maganarta, ta matsa a kai shi gwaji. A 2001, yana da shekara 25, aka kai shi cibiyar da Jami'ar Pretoria ta buɗe tun 1990 don wannan aiki. Abin da aka yi masa bai wuce wanda na zana miki ba: a ambaci abu, a ce ya kalli hotonsa. Ya kalla. Mutumin nan ya yi aure a 2009, ya fitar da littafin rayuwarsa a 2011. Uwarsa ma ta haife shi, ta goye shi, tana ƙaunarsa, amma shekaru suka shuɗe yana kallonta ba ta san yana nan ba.

Allah gafarta Malam, na ga kana jan carbi da sauri. Ka ce wanda Allah ya ɗaure wa harshe, wane ne mai kwancewa, kuma yawancin yaran nan taɓin iska ne. Ni ba zan yi jayayya da kai a fagenka ba, tambaya kawai zan yi, irin ta almajiri. Da aka ce wa Annabi Zakariyya ba zai yi wa mutane magana ba kwana uku, da me ya yi musu bayani? Ba da ishara ba? Nana Maryamu da ta yi azumin shiru, ba nuni ta yi ga jaririn ba? Annabi Musa da ya roƙi a warware masa ƙullin harshe, bai haɗa da roƙon a ba shi ɗan'uwansa Haruna ya taimake shi ba? Kai ka karantar da mu cewa a fiƙihu isharar bebe, in ana gane ta, tana ƙulla ciniki da aure, tana kuma kwance shi. Kuma a cikin Bukhari akwai yarinyar da aka fasa wa kai da dutse, tana gargara, aka riƙa ambata mata sunaye ɗaya bayan ɗaya har aka zo kan wanda ya yi, ta gyaɗa kai, aka kamo shi ya amsa laifinsa. Malam, wannan dabarar ta jero wa mutum abubuwa yana zaɓa da kai ko da ido, yau ita ake koya wa ma'aikata a manyan makarantu. Ka ci gaba da tofi, ba wanda ya hana. A dai bar yaron ya nuna mana da kansa ko rubutun ya yi masa ɗaci.

Saura kai, Mushe, mai alli a aljihu. Taka gardamar ta fi ta kowa kama da ilimi: in aka saba wa yaro da nuna hoto, zai yi ƙyuya, ba zai ƙara ƙoƙarin buɗe baki ba. An bincika wannan. A 2006 wasu masana uku a Amurka, Millar da Light da Schlosser, suka tattara binciken da aka yi a kai, suka tace mafi inganci, suka samu misali 27. Ba ko ɗaya da maganarsa ta ragu. Kashi 11 cikin ɗari ba abin da ya canza, kashi 89 kuwa maganar ƙaruwa ta yi, ko da yake ba da yawa ba. Dalilin a fili yake: duk lokacin da ya taɓa hoton buta, wani zai ce "buta", ya ji kalmar a daidai lokacin da yake nufinta. Kuma baki ya fi hoto sauri, ba mai iya cewa "ruwa" da zai tsaya neman kwali. Kai da ka cika bangon ajinka da hoton jaki da rago don yara su koyi Faransanci, yau kai ne ke tsoron hoto?

Ban manta da tsofaffi ba, don a Adar wannan ya fi kusa da kowane gida. Mutum ya yi shekara talatin yana ci-rani, ya gina gida, ya aurar da ɗiya, ran nan ya tashi alwala ya faɗi. Ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi. Ba haɗuwa ce ta banza ba: ga yawancin mutane ma'ajiyar magana tana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, shi ne kuma ke juya damar jiki. Wani likitan Faransa, Paul Broca, ya fara nuna wurin tun 1861, a kan wani majinyaci da ba ya iya furta komai sai "tan". Abin da ke ruɗa ku shi ne tsohon yakan karanto Fatiha tiryan-tiryan, ya amsa sallama, har ya yi ashar in an ɓata masa rai, amma ya kasa cewa a miƙo buta. Sai ku ce da gangan yake yi, ko an yi masa asiri. Ba ko ɗaya. Abin da harshe ya haddace ya saba da shi daban yake da kalmar da za a nemo sabuwa. Shi ma sai an gwada shi: wani yana gane duk abin da ake faɗa, wani kuwa ganewar ce ta lalace, yana gyaɗa kai ga komai. Wani in an share masa ƙasa zai rubuta da hannun hagu, da ajami, ko da boko, ko da Tifinag in Buzu ne, wani kuma rubutun ya tafi tare da maganar. Wanda haruffansa ke nan, ya tsira da babban abu. Jean-Dominique Bauby, shugaban mujallar Elle a Faransa, ya faɗi a Disamban 1995, ba abin da ke motsi sai fatar idonsa ta hagu. Ana karanto masa haruffa yana ƙiftawa, har ya haɗa littafi guda, ya fito a Maris na 1997, kwana biyu kafin rasuwarsa. Na lura dai wasunku ba sa ɗokin tsoho ya samu hanyar magana. Ko akwai wanda ya karɓi jika hamsin a hannunsa ba shaida?

Kawu, kai ka yi shiru tun farko, kuma kai nake tsoro. Ka ce, "To, wa ya tabbatar yaron ne ke magana, ba mai riƙe da kwalin ba?" Hular nan tawa na cire maka. An taɓa yin wannan abin kunya, kuma a ƙasashen masu ilimin. A shekarun 1990 wata dabara ta bazu a Amurka, mai taimako yana riƙe hannun yaro yana "tallafa" masa ya danna haruffa. Yaran da ba su taɓa karatu ba suka wayi gari suna rubuta dogayen jimloli, har aka tuhumi wasu iyaye da laifin da ba su yi ba. A 2009 duniya ta ɗauka da labarin wani ɗan Beljiyam, Rom Houben, wai bayan shekara 23 a kwance ya fara ba da labari ta wannan hanya. A 2010 aka yi gwaji mai sauƙi: a nuna masa abu mai taimakon ba ta ɗakin, ta dawo a tambaye shi me ya gani. Amsa ba ta fito ba. Hannun nata ne ke rubutu, ita kanta ba ta sani ba. Saboda haka ƙa'idar ita ce kada a riƙe masa hannu, kuma a riƙa tambayarsa abin da shi ya sani, mai riƙe da kwalin bai sani ba. Ka ga ashe kai ma ma'aikaci ne, Kawu, albashi ne kawai ba ka da shi.

Ka kuma ce ina masu gwajin suke, kuma nan ma ba ka yi ƙarya ba. Masu gyaran magana ƙalilan ne a ƙasar nan, yawancinsu a Yamai, fiye da kilomita 500 daga Tawa. Makarantar Lome ta Togo, wadda ta fara horar da su a wannan yanki namu masu Faransanci, sai a 2003 ta buɗe sashen. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya ce a wasu ƙasashe matalauta kashi 3 cikin ɗari ne kawai na masu buƙatar kayan taimako ke samunsu. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, kuma yarjejeniyar ta ambaci irin waɗannan hanyoyin magana ƙarara, amma takarda ba ta zuwa Takanamat ta zauna a kan tabarma. Kunne da ido dole a kai likita a Tawa a duba, wannan ba aikin gida ba ne, haka ma yaron da ke sarƙewa in yana haɗiya. Sauran kuwa, majo na gidan likita, da Mushe, da Inna, da wata ƙanwa mai haƙuri za su iya fara shi. Hukumar Lafiyar nan da ta jera kayan taimako 50 mafi muhimmanci a 2016, allon hotuna na ciki, tare da keken guragu da tabarau. Kwalin da Alhaji ya kawo na'urar a ciki ma ya isa. A ɗauki hoton butar gidan, ba butar Turawa ba, da akuyar gidan, da rijiya, da masallacin unguwa, a wanke su wurin mai hoto a Tawa, a liƙa, a rufe da leda saboda yawu da ƙura. Ba ya cin caji, ba ya jin Faransanci, ba ɓarawon da zai ɗauka. In yaro ya ƙware har kwali ya yi masa kaɗan, lokacin ne za a karɓo na'urar daga hannun masu kallon kokowa.

Sai dai a kula da abin da za a liƙa. In aka bar ku, za ku cika kwalin da fura, ruwa, fitsari, barci, kamar abin da ɗan Adam ke faɗa ke nan daga safe zuwa dare. Ku saurari kanku a fada mana. Rabin zancenku "ƙarya ne", "bar ni", "wa ya zo?", "ba ni labari", "ƙara", "ban yarda ba". A sa masa waɗannan. A sa masa hanyar cewa abin da nake nufi ba ya cikin kwalin nan. A sa hotunan mutanen gida duka, da taubasansa, don shi ma yana da haƙƙin tsokana, kuma ya daɗe yana tara ta. Na roƙi alfarma ɗaya, a liƙa hoton Kawu a kusurwar dama, a liƙa hoton hannu a dunƙule, alamar rowa, dab da shi. Mu ga ko yaron zai buƙaci wani ya riƙe masa hannu kafin ya haɗa biyun.